Mutanen Yumɓu na Seru

A shekarun juyin juya hali, lokacin da kowa ya koma "kamarad", ina koyarwa a wata lekol a Paraku. Wata safiya darakta ya kira ni ya ce umarni ya zo daga sama: kowace makaranta ta ware ɗaki guda ta baje ayyukan hannun talakawa, yara su gani. Tunda ni ɗan gari ne, kakannina fatake, ni zan nemo kayan.

Na kai kukana wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai sayar da zannuwa a kasuwar Arzeke. Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, masu aikin kirki ba sa zama tsakiyar gari. Sa takalminka."

Da unguwar Ganu muka fara. Can bayan unguwa, ƙarƙashin itatuwan mangwaro, muka tarar da masaƙa, muka kuma shiga rumfar wani mai zanen motoci, ya cika bangonta da zakuna da tsuntsaye, kusa da su ga jan tauraron gwamnati da aka sa shi zanawa. Ya ba mu allo guda. Ranar Asabar muka hau motar wani direba ɗan Nijar zuwa Jugu, muka yini a unguwar maƙera muna kallon mundaye da zobba. Muna shirin tashi wani maƙeri ya rage murya ya ce akwai wata tsohuwa a Seru mai ginin tukwane, hannunta ya wuce na kowa, amma ba lallai ta yarda ta gan mu ba.

Na gane dalili. A lokacin ana ta farautar masu tsafi da mayu. An sare manyan itatuwa a ƙauyuka, an ja tsofaffi gaban komite na juyin juya hali. Duk wanda ke da abu mai siffar mutum a ɗakinsa, cikin zullumi yake.

Muka isa Seru, jar ƙasa ta rine mana tufafi. Tsohuwar na zaune tana feraye doya. Da ta ga wandona da jakata sai ta ɗaure fuska. Ta ce da Dandanci, "Tukwane nake ginawa, ga su can. Ba ni da wani abu."

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta tuɓe takalmi, ta zauna, ta ɗauki wuƙa ta shiga firar doyar. Suka taɓa hirar damina da ciwon gwiwa, ni ina tsugune a gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba. Sai da rana ta karkata tsohuwar ta dube ni ta tambayi Gwaggo, "Wannan ɗanki ne?"

"Ɗan wana ne, Iya. Yara yake koya wa karatu, ba ya kama kowa."

Tsohuwar ta tashi da ƙyar ta ja mu zuwa wani tsohon rumbu, ta ɗaga murfin. A ciki, kan buhu, ga ƙananan mutane na yumɓu jere, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba. Ta ɗauko ɗaya mai fartanya a kafaɗa ta ce babban ɗanta ne, ya tafi aikin gonar koko a Najeriya, shiru har yau. Ta ɗauko wata mai wushirya, 'yarta ce da aure ya kai nesa. Akwai maƙwabta, akwai mijinta marigayi da ɗan ƙusumbinsa.

"Ba na yanka musu kaza, ba na roƙonsu komai," in ji ta. "Mantuwa ce ta kama ni. Fuska na ɓace mini, sai in gina ta tun ban rasa ta ba."

Ta ce manyan da ta yi a da, da kanta ta kai su rafi ta farfasa, ranar da aka zo aka tafi da wani tsoho a maƙwabta.

A gidanmu an hore mu da nisantar siffofi, kuma da wannan tunanin na leƙa rumbun. Amma ina tsaye ina kallon hannunta na shafar kan ɗan da bai dawo ba, sai na matsa kusa na ƙara dubawa. Ban ma iya roƙonta ta ba mu ko guda ba.

Ita ce ta ce waɗannan ba sa fita, amma mu dawo bayan ta gasa tukwane. Da muka koma ta miƙo mana wata mace ta yumɓu da tulin zannuwa a ka, hannu a ƙugu, baki buɗe tana ciniki. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "La ilaha illallahu! Har da girman hancina?"

Da na kai siffar lekol, darakta ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya rubuta da Faransanci a ƙarƙashinta cewa mace ce ma'aikaciya a fagen gina ƙasa. Da wannan rubutu babu wanda ya ƙara tambaya.

Bayan girbi Gwaggo ta je ta ɗauko tsohuwar ta sauke ta a gidanmu. Na kai ta lekol. Yara suka yanyame ta, ta sa aka ɗebo laka a bayan aji, ta zauna a ƙasa tana nuna musu yadda ake fitar da kunne da ɗan yatsa. Da aka tashi na tambaye ta abin da take so ta gani a Paraku. Ta ce jirgin ƙasa, tun tana budurwa take jin labarinsa. Muka je tasha muka zauna a inuwa har ya iso daga kudu. Da ya yi kuka ta toshe kunnuwa, tana dariya, tana bin fuskokin masu sauka da ido ɗaya bayan ɗaya.