Sunan da Inna ba ta kira

Wata biyu ke nan da muka binne Baffa Ilu a nan Dutse, har yau in na zauna sai na tashi. Wani dare a ƙauyenmu na Buji ne yake dawo mini.

Bayan isha'i kakarmu, Inna, takan hura wuta da karan dawa mu kewaye ta. Baffa Ilu, yayan mahaifina, da gemunsa yake zama cikinmu yara. Hankalinsa bai kai shekarunsa ba, manya ba sa sa shi a zance. Shi ne ɗan farin Inna, don haka bisa kunya irin tamu ta Fulani ba ta kama sunansa. "Wancan" take cewa.

Daren nan ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matso."

Labarin wata mata ne da kogi ya haɗiye 'ya'yanta uku. Aka ce mata ta tsaya bakin ruwa ta kira kowa da sunansa, zai fito. Ta kira ƙaramin ya fito. Ta kira na tsakiya ya fito.

Sai Baffa ya ce, "Inna, in ni ne a ruwan zan zauna ke nan."

"Saboda me?"

"Ba kya kiran sunana. Don ba ni da kai irin na ƙannena ne, ko? Na sani ai."

Muka bushe da dariya, har da ni. Inna ta yi ta tsokanar wutar da kara. Can ta ce, "Ku tashi, barci." Ba ta sake ɗauko labarin ba.

Da safe na kai mata ƙwarya wurin tatsa. Ba ta ga zuwana ba. Goshinta a jikin saniya, na ji tana cewa a hankali, "Iliyasu. Iliyasu, fito."

Na koma gida ban faɗa wa kowa ba. Ɗauka na yi Baffa ya manta, kamar yadda muke ɗauka ba ya jin abin da ake faɗa a kansa. Sai da na girma na gane yana ji, yana kuma auna kansa da mu kullum, shi kaɗai.

Bayan rasuwar Inna ya yi shekara tara a gidana. Muna cin tuwo kwano ɗaya. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa.

Allah ya jiƙansa. Allah ya yafe mini.