Tsagar Inna a Kyamarar Yaya Ladan

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ladan, Allah ya jiƙansa da rahama. Na saba in yi masa addu'a a ɗakina in yi shiru. Amma wannan karon raina a ɓace yake, kuma da yana raye wurinsa zan kai ƙara. Tunda babu shi, masu karatu sai ku yi haƙuri ku saurare ni.

Yaya Ladan malamin gona ne. Ɗaukar hoto sha'awa ce kawai, bai taɓa buɗe shago ba. Kyamararsa wata tsohuwa ce baƙa, mai ido biyu ɗaya bisa ɗaya, ga nauyi kamar dutsen guga. Ba a kara ta a ido. Rataya ta ake yi a wuya ta sauko har ciki, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa. Fim ɗinta nan da nan yake ƙarewa, ga wuyar samu, sai an yi saƙo Kano ko Legas. Duk unguwarmu ta Gawon Nama a Sakkwato an san shi da ita, har ana ce masa mai leƙen rijiya.

Abokinsa Alhaji Shehu, wanda suke fita fadamar Kwalkwalawa tare ran Asabar, ya dawo aikin hajji da wata mai dogon hanci da ke jawo abu daga nesa. Shi abin da yake so ke nan. Ya tsaya can bakin hanya ya ɗauki balbela a bayan saniya, ko mai ban ruwa a gonar albasa, ba wanda ya sani. Hotunansa suna kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kullum yana tsokanar Yaya ya jefar da akwatin nan ya shigo gari. Wata rana na kawo musu fura a zaure, na ji amsar da ya samu.

"Shehu, taka harbi takai. Ka ruhe ido guda ka auna mutum kamar maharbi. Tawa gaisuwa takai. Ba ni iya ɗaukar kowa sai na duƙa mishi."

Ni kuma wata 'yar ƙaramar kyamara Yaya ya ba ni, wadda tafin hannu ke rufewa, saboda akwai inda namiji ba ya shiga. Na so ta don mata suna mantawa da ita. A gidan biki sai in gaya musu zan ɗauka, su yi tsaitsaye kamar 'yan fareti, in bar su su gaji su koma hira, sannan in latsa. Yau da waya nake ɗauka, kuma ina jin daɗinta ƙwarai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce tsohuwa ce take faɗa da zamani.

Mahaifiyarmu, Inna, ba ta yarda da hoto ba. In mai hoto ya shigo gidan suna sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, ta ce ba ƙaton da zai tsaya ya zura mata ido. Yaya ya daɗe yana lallashinta. Ran nan da hantsi, an kwana ana ruwa, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa, ya zo ya durƙusa da kyamarar a cinyarsa, kansa a sunkuye.

"Inna, in ɗauka?"

Ta dubi tsakar kansa ta yi dariya. "To, ɗauki. Kai dai ba ka zare min ido ba."

Shi ke nan hoton Inna a duniya, baƙi da fari, ba na biyu. Inna Bagobira ce, tsagarta ta taso daga gefen baki ta bazu har kusa da kunne. Yaya sai da ya gyara zama yadda haske zai bugo ta gefe, don kowane layi ya fito. Bayaraben da ke wanke masa fim ya yi ta tsokanarsa irin wasan da ke tsakaninmu da su, wai kyanwa ce ta yaƙushi uwar bawansa. Amma da hannu biyu ya miƙa masa hoton.

To, ga abin da ya faru. Nasiru, babban ɗan Yaya, yana aiki a Abuja. Yaron kirki ne, ba abin da na nema na rasa a wurinsa, sai dai bai riski Inna ba. Da ya zo Sallah ya ɗauki hoton nan na Inna da ke bangon falona da wayarsa. Bayan kwana biyu sai ga shi a zauren dangi na waya, ya zama mai kala. An haskaka mata fata. Zanenta na rini ya koma kore. Kumatun nan sumul, babu tsaga ko ɗaya. Dangi suka yi ta zuba Masha Allah, wasu suka maƙala shi a kan lambarsu, wata jikar Inna da ke Kaduna har ta rubuta wai ashe kakarsu Balarabiya ce. Na zauna da waya a hannu, ina kallon wata baƙuwa a ƙofar ɗakin uwata.

Da na kira shi ya ce zai zo mu yi magana, ya kuwa zo. Ashe da wata buƙatar ya taho: akwatin ƙarfen da Yaya ya damƙa mini yana jinya, wanda duk fina-finan hotunan da ya ɗauka ke ciki. Yana so ya tafi da shi Abuja a yi musu irin wannan aikin.

"Goggo, ni ban share komi ba," in ji shi. "Manhajar wayar ta zaci hoton na ya kakkarce, ita tag gyara da kanta. Kuma ai Kaka ta hi kyawo hakanga."

"Ta hi wa kyawo? Nasiru, matar ga ba ita ta haihe ni ba. Ban san ɗiyar wa ta ba."

Ya ce zafin Sakkwato zai cinye fim ɗin in an bar shi. Wannan gaskiya ce, wasu har sun fara mannewa. Ya ce kuma kayan mahaifinsa ne. Wannan ma gaskiya ce, ta kuma yi mini zafi. Duk da haka na ce akwatin ba ya fita gidan nan. Na ce in yana so, sai dai ya zo da na'urar kwafar hoto, ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya ina zaune kusa da shi, ba ƙari ba ragi, sannan ya koma zauren dangi ya gaya musu wancan hoton ba Inna ba ce. Ya yi mini sallama cikin ladabi ya tafi. Har yau bai dawo da na'urar ba, hoton ƙaryar kuma yana nan yana yawo.

Ina ta tunanin me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai so waya, don mutum ne da ya sha jiran saƙon fim har damina ta wuce. Alhaji Shehu ma da ya tsufa a kan dogon hancinsa yanzu da waya yake ɗaukar jikoki. Abin da Yaya zai tambaya guda ne: wa ya nemi izinin Inna? Shi sai da ya durƙusa kafin ta ba shi fuskarta. Yanzu an sake mata wata da ɗan yatsa, tana kabari.

Ba kiran a koma yi wa jarirai tsaga nake ba. Ban yi wa 'ya'yana ba, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma wanda aka riga aka yi wa, haka ya rayu, haka aka aure shi, haka aka binne shi. A akwatin nan akwai manoma da masunta da tsofaffin danginmu, da yawansu wannan ne kaɗai hotonsu, kowa da askar garinsu a fuska. In na sake shi, nan da 'yan shekaru jikokinmu za su taso da kakanni farare sumul waɗanda ba a taɓa haifa ba.

Yaya bai bar gidaje ba, bai bar suna a gwamnati ba. Fuskokin mutane ya bari yadda Allah da iyayensu suka bar su, ni kuma ya ba amanarsu. Nasiru, na san kana karanta jaridar nan. Ƙofata a buɗe take, fim ɗin ubanka yana lalacewa, kai kake jan lokaci. In ka zo, kafin mu buɗe akwatin ka fara ɗaukar goggonka da wayarka. Irin tsagar Inna ce a kumatuna, ni kaɗai na rage da ita a gidanmu. Ka dube ni da kyau, sannan ka gaya mini wane layi ne karce.