Turaku Uku a Gefen Rugar Ɓoɗejo

Jethro mai gyaran keken ɗinki ne a Sabon Gari, nan Keffi. Shekara talatin ya yi a rumfa ɗaya, hannunsa kullum da warin man inji. Bai haihu ba, bai tara dukiya ba, amma matarsa Lea takan ce tana da kishiyoyi sun fi dubu, duk a sama suke. Taurari take nufi.

A wurin 'yan gwangwan ya tsinci wani tsohon madubin hangen nesa. Ya ƙera masa mazauni mai ƙafa uku da haƙoran ƙarfe, ya haɗa masa ɗan injin da zai riƙa juya shi a hankali yana bin taurari, don kyamara ta samu ɗaukar hoto. Sai dai fitilun gari sun yi yawa tun da ma'aikatan Abuja suka cika Keffi. Dole ya riƙa ɗaura kayan a babur ya nufi hanyar Panda, inda akwai wani fili kusa da rugar wani Bafulatani, Ɓoɗejo.

Ɓoɗejo kuwa ya san abu mai ƙafa uku. Sau biyu masu awon fili suna zuwa da irinsa, sau biyu ana kafa turaku, sau biyu yana tashi da shanunsa. Ga shi wannan baƙon ma ya kafa turaku uku a ƙasa, kuma da rana tsaka yake zuwa, ya saita bututun madubin a kan ɗorawar da ke bakin ruga, ya murɗa gaba, ya murɗa baya.

Wata Laraba da la'asar Jethro ya iso ya tarar an tuge turakun, Ɓoɗejo na tsaye da sanda a kafaɗa.

"Sannu, Malam. Wane Alhajin ne ya aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni, Baffa. Turakun nan shaida ce, don in riƙa ajiye ƙafafun a wuri ɗaya. Taurari nake ɗauka."

"Taurari da rana? A kan ɗorawata suke kwana?"

Jethro ya kafa madubin, ya ce wa Ɓoɗejo ya zo ya leƙa. Ya sa shi ya murɗa dama, ɗorawa ta gusa. Ya ce ya murɗa hagu. Ɓoɗejo ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ɗorawa tana nan, sai can ta motsa.

"Ka gani? Haƙoran ba su kama juna sosai ba, akwai wasa a tsakaninsu. Da rana nake gwadawa, don bishiya ba ta tafiya."

"Igiya ce ta yi sako-sako," in ji Ɓoɗejo. "Ka tamke ta mana."

"In na tamke da yawa, injin ya shaƙe ya tsaya."

Ɓoɗejo ya gane wannan, amma bai saki fuska ba. Ya ce a nuna masa hoton taurarin. Jethro ya ciro, zuciyarsa ba ta so ba, domin wasan haƙoran ya sa kowace tauraruwa ta ja layi. Ɓoɗejo ya juya takardar sama da ƙasa.

"Irin zanen nan na gani a hannun waɗanda suka tashe ni daga Karu. Ka kawo mini tauraron da na sani nan da Juma'a ta sama. In ba haka ba, kar babur ɗinka ya sake bin hanyar nan."

Kwana takwas Jethro bai taɓa keken kowa ba. Teloli suka yi ta zagi. Ya wanke tsohon giris da kananzir, ya yanko siririn ƙarfe daga gwangwanin madara ya cusa a bayan haƙoran, ya matsa ƙusa, ya sassauta, ya sake matsawa kamar kaurin gashi. Lea ta ce ko miyar da ta kai masa bai san da gishiri ko babu ba.

Ran Juma'a da hantsi ya miƙa wa Ɓoɗejo sabon hoto. Ɗigo-ɗigo ne, kowane a zagaye. Tsohon ya daɗe yana dubawa.

"Kaza da 'ya'yanta ce," ya ce. "Amma ni shida na san ta da su. Ina ta samo sauran?"

"Suna nan tun da, Baffa. Ido ne bai kai ba."

"Ko kai ka ƙara da biro."

Bai ce ya yarda ba, har yau ma bai faɗa ba. Ya dai shiga bukka ya fito da turakun nan uku, ya ce Jethro ya nuna masa ramukansu, ya buga su da kansa.

Shekara bakwai suka yi haka, ɗaya na murɗa ƙarfe, ɗaya na zaune a gefe da ƙwaryar nono yana sa ido, wai ko asiri zai tonu. Daminar bara ciwon ƙirji ya ɗauke Jethro. Allah ya ba shi hutawa, mutum ne mai sanyin hannu da sanyin baki. Ɓoɗejo ya zo jana'iza, ya tsaya daga bakin coci har aka tashi. Lea ta ba shi hoton kazar nan da 'ya'yanta.

Turakun suna nan. In gara ta ci ɗaya, Ɓoɗejo ya sassaƙa wani ya mayar a ramin.