Abin da Kawu Sale Ya Rubuta a Bayan Rasit

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi aikin karɓar harajin gidaje a Gyaɗi-Gyaɗi da wani yanki na Darmanawa, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Na daɗe ina son yin wannan rubutu, amma na dakata har sai da na zauna da mutum huɗu da suka ga abin da ya faru. Inda bakinsu ya saɓa, zan faɗa.

Kawu yana da wata ɗabi'a da ba a ofis ya koyo ta ba. Idan mai gida ya biya, ba ya miƙa masa rasit sai ya juya bayan takardar, ya rubuta aikin da aka amince za a yi wa layin da kuɗin, ya sa hannu. Abokan aikinsa sukan tsokane shi wai ya zama ciyaman ba tare da ƙuri'a ba. Shi kuma yakan ce ba mai ba tela kuɗi bai san rigar da za a ɗinka masa ba.

Da sojoji suka koma bariki, sai ya ɗauka lokacinsa ya zo. Kansila ɗan unguwa ne, kowa ya san gidan ubansa, kuma an sa kwalbatin layinmu cikin ayyukan shekara. Kawu ya bi gida gida yana rubuta "kwalbati da magudanar ruwa". Har masu shigewa ciki in sun hango shi suka fito suka biya. Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, wadda gidanta ke bakin kwari, ta biya nata tun ba a tambaye ta ba.

Sai umarni ya zo daga sama, cewa a haɗa harajin cikin kasafin jiha, daga baya a raba. Ba zan ambaci ofishin da ya aiko shi ba, domin ban ga takardar da idona ba. Abin da mutum huɗun suka haɗu a kai shi ne, kuɗin ya hau bai sauko ba. Damina ta zo, ruwa ya rasa hanya, ya rushe katangar Malama Rifkatu da kicin ɗinta. Biyu sun ce a daminar farko ne, biyu sun ce ta biyu. Katangar dai ta faɗi.

Washegari Malama Rifkatu ta sami Kawu a gindin darbejiyar da dattawa ke zama, ta ɗaga rasit ɗin, ta ce, "Malam Sale, wannan ba hannunka ba ne? Ko kwalbatin a gidanka aka gina shi?" Mahaifiyata ta ce ya ɗauki takalmansa ya tashi. Daga nan magana ta bazu cewa Sale ya ci kuɗin unguwa, mutumin da ya rasu a gidan haya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya yi ta kai ƙorafi, aka ce ya yi haƙuri. Da shekara ta zagayo ya ƙi fita karɓa, ya ce alkawari kaya ne, ba zai ɗora wani a kan wanda bai sauke ba. Aka mayar da shi sashen ajiyar fayil, can ya ƙare.

Da zai dawo yau, me zai gani? Zai ga masu karɓar haraji da riguna masu tambari, da rasit ɗin da na'ura ke fitarwa, siriri, ko wurin sa hannu babu. Zai ga ana ta jawabi kan 'yancin ƙananan hukumomi, alhali kwarinmu yana nan. Ni dai ban ga hujjar da za ta sa harajin gidan da ke Tarauni ya tafi toshe giɓin wani kasafi ba, mai gidan kuwa yana kwasar ruwa da bokiti. Gida ba ya tashi daga inda yake; harajinsa ma bai kamata ya yi nisa da shi ba. Idan doka ba ta killace shi ba, duk ma'aikacin kirki da aka tura ƙofar jama'a an tura shi ya yi ƙarya ne da sunansa.

Malama Rifkatu ce ta huɗu cikin waɗanda na zauna da su. Na tambaye ta kai tsaye ko har yanzu tana ganin Kawu ya ci kuɗin. Ta ce, "Ɗana, ko a ranar ma na san bai ci ba. Amma su wa zan je in zaga? Shi kaɗai ne na san ƙofarsa."

Kawu bai bar gida ba, bai bar kwalbati ba. Ya bar wannan shaidar, kuma ta iso bayan shekara bakwai da binne shi. Allah Ya jiƙansa. Waɗanda suka karɓi kuɗin kuwa, har yau ba wanda ya san ƙofarsu.