Tanis ɗin Mata a Ɗakina na Tibiri

Shekarar da aka turo ni Tibiri koyarwa a lakwal, ban san kowa ba. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da ƴaƴanta duk suka tafi bida bakin teku. Inna nake ce mata. In an tashi daga aji, abokan aikina su hau babura su koma Dogon Dutsi wajen iyalansu, ni kuwa in dawo in kunna tele.

Wata Asabar da la'asar, cikin damina, na ci karo da gasar tanis ta ƙwararru a wata tasha. Mata ne, biyu nan, biyu can. Na ajiye kwanon tuwona.

Ba ƙwallon nake kallo ba. Duk lokacin da aka gama bugu, ko sun ci ko an ci su, sai abokan wasa biyu na gefe guda su matso su tafa, ɗaya ta kare bakinta da hannu ta yi wa ɗayar raɗa. Haka muke yi da aminiyata sa'ad da muke lise, makarantar sakandare, a Yamai, a wani tsagaggen fili, da raketin aro. Ita ce a gaban raga, ni a baya. Takan ɓoye hannu a bayanta ta nuna min da yatsa inda zan buga.

Inna ta ɗaga labule, da ƙwaryar gujiya a hannunta.

"Madam, waɗanga ƴan uwa ɗaya ne?"

"A'a, Inna. Ƙasarsu ma ba ɗaya ba ce."

"To mi suka raɗawa haka?"

"Shawara suke yi."

Ta zauna bakin katifa tana ɓarar gujiya. Da ƙaramar cikinsu ta yi kuskure ta buga ƙwallo a raga, babbar ta dafa kafaɗarta, Inna ta ce, "Wagga tana da haƙuri."

Na ɗauki waya na kira aminiyata. Tana Kwatano tun da ta yi aure. Sai da ta yi ta ƙara kafin ta ɗaga, ga kukan jariri a bayanta.

"Kunna tele, ana tanis na mata bibbiyu," na ce.

"Tanis?" Ta yi dariya. "Kina nan da wannan har yanzu? Bari in kwantar da yaro, zan kira ki."

Ba ta kira ba, ran nan ko washegari.

Ana dab da gama wasan hadari ya taso daga gabas. Hoton ya daskare, babbar ta ɗaga raket sama, sannan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke gaba ɗaya. Har yau ban san su wa suka ci ba.

Inna ta miƙe da ƙyar, ta ce awakinta suna waje. Na yafa zane na bi ta, muka kora su cikin rumfa, ruwa yana dukanmu.