Wasan da ƙanwata ke kawowa gida

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara isowa ƙauyukanmu na ƙasar Faskari, wani Alhaji mai sayen auduga a garinmu ya dawo daga Kaduna da talabijin. Babu lantarki, da batirin mota ake kunna ta. Hoton kuma ba ya fitowa sai an ɗaura eriya a kan doguwar gora a bayan zaure, kuma da iska ta kaɗa sai ya koma kamar an watsa gero a faifai. Dole wani ya tsaya riƙe da gorar yana juyawa. Ni aka ba wannan aiki, don na gama firamare ina taya Alhaji awon auduga.

Ran Asabar kafin magariba ake nuna wani wasan barkwanci na 'yan makarantar kwana. Manya ba su damu da shi ba, sukan bar wa samari da 'yan mata masu talla zauren. Ni daga bayan katanga dariyarsu kawai nake ji, sai can wani ya leƙo ya ce in juya kaɗan. Nakan yi ta tunanin abin da ke cikin akwatin nan da zai sa yara kwanciya a ƙasa.

Amsar a gida nake samunta. Ƙanwata, wadda ba ta wuce sha huɗu ba, tana kai tallar dafaffiyar gyaɗa zauren. Matan gida ba sa fita, don haka washegari da hantsi, in an zauna ɓarar gyaɗa, ita ke maimaita musu wasan. Inna da Gwaggo da maƙwabta biyu ko uku sukan matso. Ta taɓa kawo labarin ɗalibin da ya ɓoye ɗan akuya a akwatinsa. Hedimasta ya shigo duba ɗaki, akuya ta yi kuka, ɗalibai duka suka kama tari don su rufa asiri. Ta saka ludayi a hammata a matsayin sandar hedimasta, tana tafiya irin ta wanzamin garinmu. Gwaggo ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane. A gidanmu ba a saba barin yarinya ta yi doguwar magana ba, amma ranar Lahadi filin nata ne.

Da kaka Alhaji ya sa aka kawo bututun ƙarfe daga Funtuwa aka kafe eriyar. Na samu zama a zaure karon farko.

Abin da na gani ya ɗaure mini kai. Wasu ƙarti ne uku, da alamar askin gemu a fuskarsu, sanye da gajeren wando wai su ɗalibai. Ɗaya ya yi tuntuɓe da bokiti ya faɗi. Wani ya buge shi da matashi. Suka yi surutu, rabi da Turanci, sannan na farkon ya sake faɗuwa a kan bokitin. Yara kuwa suna ta dariya. Har yau ina tambayar kaina abin da suke yi wa dariyar. Faɗuwar ce, ko ganin babba ya zama abin wasa, ko dai daɗin zama wuri ɗaya babu mai tsawata musu? Su kuma masu shirya wasan, haka suka ɗauki hankalin yaro, ko iyakar abin da suka iya ke nan? Na lura da abu ɗaya: ƙanwata ba ta dariya. Ido kawai ta zuba, tana kallon yadda kowa ke tafiya.

Washegari ta fara. Bokitin ya zama na mai dafa abincin makaranta, wanda ya ɓoye nama a ciki. Ta ƙaro da matarsa, ta ƙaro da kare. Ban iya haƙuri ba.

"Ƙarya take yi," na ce. "Ina wurin. Babu nama, babu kare."

Hannuwa suka tsaya da ɓara. Inna ta dube ni. "To kai da ka gani, faɗa mana."

Na faɗa daidai yadda aka yi. Kafin Gwaggo ta ɓare gyaɗar da ke hannunta na gama.

"Shi ke nan?" in ji Gwaggo. "Don wannan Alhaji ya je har Kaduna?"

"Yarinya, ci gaba da naki," in ji Inna.

Amma wata maƙwabciya ta riga ta tambaya: "Ashe akuyar nan ma babu ita?" Ƙanwata ta ajiye ludayin ta shiga ɗaki. An kira ta maƙaryaciya a gaban baƙi, kuma yayanta ne ya kira ta. Ta ci gaba da kai talla, amma ba ta ƙara kawo wasa gida ba. Gwaggo ta daɗe tana ce mini Malam mai gaskiya in na wuce, ba don yabo ba.

Sai da muka tsufa, wata rana na je gaishe ta a Sabuwa inda take aure, na tambaye ta inda ta samo akuyar.

"Wurinka, Yaya," ta ce. "Duk lokacin da hannunka ya gaji, hoton ya ɓace, sai ƙara kawai muke ji. In na dawo gida mi kake so in ce masu? In ce ban ga komai ba?"

Na ce ai bayan an kafe ƙarfen ma ta ci gaba da ƙari.

"Lokacin na riga na ga nawa ya fi."

Na roƙe ta ta ƙarasa mini labarin naman nan da kare. Da gaske ta yi ƙoƙarin tunowa, sannan ta girgiza kai ta ce ya tafi.