Marasa Ƙafa Su Ke Gudu

Mijina, wanda unguwa ke kira Baba Dalma, direban motar ruwa ne da ya yi ritaya, amma tun muna amarci ba shi da abin so kamar haɗa rediyo. Ba na sayarwa ba fa, na jaraba! Ya yi wadda ke kama tasha biyu lokaci guda, ya yi ƙararrawar ƙofa da ke kuka in an kunna fanka.

A da, kayan haɗin manya ne, masu ƙafafun waya. Ya zura ƙafar a ramin allon rediyon, ya ɗiga mata dalma, bakinsa bai tsaya ba. Mutumin nan akwai surutu! Ni kuwa ina gefe da ɗinkina, yana zuba ina tanka masa. Hirar nan ita ce aurenmu, ba na jin kunyar faɗa.

Sai kunnena ya yi nauyi. In ya yi magana, leɓe kawai nake gani yana motsi. Ya gaji da ihu, ya rage zance, abin ya ci mini rai ƙwarai. Rannan ya daka mini tsawa a kunne: "'Yar tsohuwa, ni zan haɗa miki abin ji!"

To, abin da zai zauna bayan kunne ba ya ɗaukar masu ƙafa. Sai na zamani, marasa ƙafa, da ake liƙawa a fuskar allo, kowanne bai kai ƙwayar riɗi ba. Ikon Allah, masu ƙafa ba su taɓa zuwa ko'ina ba, marasa ƙafa su ke gudu! Ya kafa doka: ba fanka, ba tsintsiya, ba dariya. Ya ɗora tabarau kan tabarau, ya ari hantsakina, yana aiki yana ɗauke numfashi, gumi na bin gemu.

Saura ƙwaya ɗaya ya gama, kuma ita kaɗai gare shi irinta, sai atishawa ta zo ba sallama. Fit! Ta ɓace.

Muka bi tabarma da rarrafe, tsofai-tsofai da mu. Muka zazzage takalma. Har kyanwa ya ɗaga ya duba, ta kuwa yakushe shi, na ce maganinka ke nan. Ana nan sai na ga ya miƙe, ya cire ƙarfen dalma daga wuta, yana naɗe wayarsa a hankali. Ban ji me ya ce ba, amma na karanta a leɓensa: "Idona ya ƙare. Na kasa yi miki."

Raina ya ɓaci. Na cafko gemunsa don ya dube ni in faɗa masa maganar banza yake yi, sai ga 'yar banzar tana ƙyalli a cikin furfura!

"Kar ka motsa, Malam! Kar ka yi numfashi!"

Ni na ɗora ta a allo da hantsaki, shi ya ɗiga dalma. Ya maƙala mini abin a kunne, ya koma bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya.

"Kin ji ni?"

Na ji shi sarai, har kukan ƙofar na ji.

"Ban ji ba," na ce. "Sake faɗa."